Mita Ɗari Biyu da Arba'in daga Tagar Khamis

"Ba zan je ba, Mama."

Mama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina, mayafina ruwan toka a hannunta, wanda ta goge mini da kanta da safen nan.

"Ummukulthum, ba shawara nake ba ki ba. Tashi ki shirya. Yaron nan ya fi minti ashirin a mota yana jiranki."

"Ya shekara a ciki. Na ce ba zan zaɓa masa ba."

"Rage muryarki, Babanki yana zaure."

Na rage muryar, amma ban motsa daga bakin gadon ba. Wayata ta yi ƙara a kan matashi. Saƙonsa ne: "Gimbiya, rana tana yi. In muka makara shagon zai cika." Na kifa ta. Kalmar gimbiyar nan da a da nake karantawa sau uku ina murmushi, ranar ji na yi kamar na taka wani abu mai yauƙi da ƙafa babu takalmi.

Masu karatu, ni ba mai ja da uwa ba ce a kan ƙaramin abu. Bari in koma da ku baya sati guda, ku yi mini alƙalanci.

Shekarata ashirin da shida. Ilimin dabbobi na karanta a jami'a, aikina kuma ƙirga tsuntsaye. Na san dariyar da kuke yi, an yi mini ita a gidan suna da gidan biki har ta ƙare. Wata ƙungiya ce a Abuja take tura mu bakin ruwa da gindin duwatsu, mu rubuta irin tsuntsayen da suka sauka da yawansu. Kayan aikina madubin hangen nesa ne mai ido ɗaya, tsawonsa kamar kamu ɗaya, ana ɗora shi a kan ƙafa uku. Shekara uku ina saɓa shi a kafaɗa. Abin da ban sani ba a kansa kaɗan ne, kuma ba zan yi muku ƙaryar tawali'u ba.

Khamis shi ne wanda aka sa mana rana, saura sati biyar a lokacin. Bakano ne, abokin aikin Yaya Auwal, kullum da safe mota ɗaya suke shiga zuwa Abuja. Yana haya a hawa na uku na wani sabon bene a kan tudun unguwarmu, Hashimi. Gidanmu yana ƙasa a gangare, tsohon gida mai faffaɗan tsakar gida da mangwaro a gefen famfo. Ba wanda ya tilasta mini shi. Ni na so shi, saboda a cikin duk waɗanda suka zo shi kaɗai ne bai yi dariyar aikina ba. Har tambaya yake yi, wane tsuntsu ne yake zuwa da damina, wanne yake tafiya.

Don haka ranar da ya ce yana son ya sayi nasa madubin, zuciyata ta yi fari.

"Ina so in ga abin da kike gani," ya ce. "Bayan biki mu riƙa zuwa gindin dutsen Zuma tare. Amma ke za ki zaɓa mini, ni ban san kansa ba."

Asabar ɗin da ta wuce muka je. Na sa atamfata mai ruwan goro, na ɗaura ɗankwalin sau biyu kafin ya zauna yadda nake so. Na kai shi shagon Chimdindu, mutumin da yake kawo wa ƙungiyarmu kaya. Chimdindu ya tashi yana washe baki.

"Madam tsuntsu. Yau kin kawo mini oga da kansa?"

Ya jera mana guda huɗu a kan tebur. Na ɗauki na farko na fara bayani, ina jin daɗin kaina.

"Wannan yana ninka abu daga sau ashirin zuwa sittin. Gilashin gabansa milimita tamanin ne, yana shan haske sosai, ko rana ta kusa faɗuwa za ka ga gashin tsuntsu ɗai-ɗai. Amma yana da nauyi. Tunda dutse za mu riƙa hawa, gara mai sittin da biyar."

"Nauyi ba matsala ba ne," in ji Khamis. "Ba yawo zan riƙa yi da shi ba."

Na dube shi. Mai kallon tsuntsu da ba ya yawo? Na ce a raina sabon shiga ne, bai sani ba.

"To, sai siffa. Ga mai lanƙwasasshen wuya, sunkuyawa za ka yi ka duba ta sama. Ya fi daɗi in abin yana kan bishiya ko kan dutse, kuma ni da kai za mu iya amfani da shi ba sai an yi ta ɗaga ƙafafun ana saukewa ba, duk da ka fi ni tsawo. Ga kuma miƙaƙƙe."

"In mutum yana sama yana duban ƙasa, wanne ya fi?"

"Miƙaƙƙen."

"Shi nake so."

Na janyo ƙafa uku mai kauri na buɗe masa. Na ce madubi komai kyansa in ƙafarsa tana rawa asara ce, don a ninki sittin ko numfashi ka yi kusa da shi hoton sai ya girgiza. Ko kallonta bai yi ba. Wani ɗan ƙarfe mai maƙura ya nuna a cikin gilas.

"Wancan fa?"

"Wannan na tagar mota ne, oga," in ji Chimdindu. "Amma yana kama ƙarfen taga na gida ma, ba wahala."

"Saka mini shi. Da abin da ake maƙala waya a ɗauki bidiyo."

Maƙalin waya ba abin mamaki ba ne, ni ma ina da shi. Jakar goyo ce ya ce ba ya so. Rigar da ke kare madubin daga ruwan sama ma ya ce a bar ta. Sai ya juya gilashin gaban yana kallo, ya yi tambayar da ko shugaban ƙungiyarmu bai taɓa yi ba.

"In rana ta doki wannan, wanda yake can nesa zai ga ƙyallinsa?"

"Akwai murfin inuwa da ake ja gaba," na ce. "Amma don kare hoto ake sa shi, kada haske ya wanke shi."

"Yana hana ƙyallin dai?"

"Yana ragewa."

"Madalla. To a nisan mita ɗari biyu da arba'in, komai zai fito sarai?"

"A wannan nisan ko ninki talatin ya ishe ka. Har ƙwayar ido za ka gani."

Ya yi murmushi, ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Aka duba, miƙaƙƙe mai tamanin ɗin na nuni ne kawai, yana da tsaga a gefe. Chimdindu ya ce sabo zai iso cikin sati, mu dawo Asabar in gwada shi da idona, don ko kamfani ɗaya ne wani yakan fi wani kaifi.

A hanyar dawowa ya saya mini gasasshiyar masara, yana ta labarin labulen da za mu saka a falo. Ni kuwa lambar nan ce ta tsaya mini a rai. Bahaushe ba ya cewa mita ɗari biyu da arba'in. Cewa zai yi kamar daga nan zuwa masallaci. Wanda ya faɗi lamba haka, aunawa ya yi.

Mu ma a wurin aiki da taswirar waya muke auna nisa. Ina shiga ɗaki ko mayafi ban cire ba na buɗe ta. Na dasa alama a kan benensu, na ja layi zuwa Zuma, nisan ya wuce lissafin mita. Na ja zuwa fadamar bayan unguwa, inda ake ɗan samun balbela, ya fi ɗari takwas. Sai na ja shi zuwa mangwaron gidanmu.

Ɗari biyu da arba'in da ɗaya.

Na ce a'a, Ummukulthum, ke mai ilimi ce, ba a yanke hukunci da lamba ɗaya. Ranar Lahadi bayan la'asar na kafa madubin aikina a cikin ɗakina, can baya da taga inda babu haske, na ɗaga gefen labule kaɗan. Tsakanin ganyen mangwaro da kwanon maƙwabta akwai wata 'yar kafa da ban taɓa lura da ita ba. Na saita a ninki ashirin, na sami benen. Na ƙara zuwa arba'in, na murɗa har ya fito.

Yana zaune a kan kujerar roba, da singileti, kofin shayi a gefensa. Ƙaramin madubi mai ido biyu ne a hannunsa, irin na gwanjo, ya manna wayarsa a kan ido ɗaya yana ta gyara ta. Fuskarsa a natse, kamar mai kallon ƙwallo.

Na leƙa tsakar gidanmu don in ga me yake kallo. Ni dai ina ɗaki. Mama ce a kan tabarma babu ɗankwali, tana shafa mai a furfurarta. Anti Balkisu, matar Yaya Auwal, tana gindin mangwaro da ɗaurin ƙirji tana shayar da jaririnta, tana yi masa waƙa.

Na saki madubin na zauna a bakin gado. 

Da na samu kaina na koma, na maƙala wayata a madubin na ɗauke shi hoto. Ya fito tas, har tambarin kofin. Sannan na buɗe tsofaffin saƙonninsa. "Koriyar doguwar rigar nan tana yi miki kyau." Ranar ban fita ko zaure ba. "Ki daina zama a rana kina tsifa, za ki yi ciwon kai." Na tuna har tsokanar Anti Balkisu na yi, na ce ita ce take kai masa rahotona, ta yi ta rantsuwa muna dariya. Wata huɗu ke nan. Wata huɗu muna wanki, muna tsifa, muna fitowa daga wanka da zani ɗaya, shi kuma yana sama da shayinsa. Yanzu kuma na gwanjon bai ishe shi ba, ni ya ɗauko da ilimina in zaɓa masa wanda zai nuna masa ƙwayar idonmu.

Litinin da safe, bayan maza sun fita, na ja Mama ɗaki na nuna mata. Ta kalli hoton. Hannunta ya tafi kanta da kansa, ta ja ɗankwalinta ta rufe har kunne.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ke kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Kin san Auwal. In ya ji, da adda zai hau benen nan. In ya sauko kuma ba zai ƙara kallon Balkisu yadda yake kallonta ba, alhali ba ta yi komai ba. Mutanen unguwa ba za su ce Khamis ya leƙa ba. Cewa za su yi an ga matan gidan Malam Audu. Ki yi mini alƙawari, ko Babanki ba zai ji ba."

Na yi mata alƙawari. Gaskiya ta faɗa, na san yayana, na san unguwarmu. Washegari ta sa aka ɗaura tamfol shuɗi daga mangwaro zuwa bangon kicin, ta ce wa kowa saboda rana ne. Ni a zatona tana neman hanyar da za a warware auren ne cikin mutunci. Sai ga ta Asabar da gogaggen mayafi.

"Mama, kin ga hoton da idonki," na ce mata a safiyar, murya ƙasa-ƙasa.

"Na gani. Zumuɗin samari ne. In an ɗaura kina gabansa, me zai leƙa kuma? An raba goro, an kawo lefe, 'yan Kano sun yi anko. Ki je ki zaɓa masa abinsa, ki lallaba, bayan biki ki ɓoye shi a ƙasan akwati."

"Ba ni yake kallo ba ranar Lahadi."

Ta kau da kai. "Ai an sa tamfol."

Wannan maganar ta fi hoton ɓata mini rai. Na tashi, na bar mata mayafin a hannu, na zura tsohon hijabin sallata na fita.

Motarsa tana gindin katanga. Ya sauke gilashi, farar shadda, hula zanna, ƙamshin turarensa ya bugo ni har sai da na ja baya.

"Gimbiya, da wannan hijabin za mu shiga Abuja?"

Na miƙa masa wayata. Ya kalli kansa da singileti. Na jira ya ji kunya, masu karatu, wallahi na jira. Ko rawar murya da na samu da wataƙila na ji wani abu. Dariya ya yi gajera.

"Kai, naki yana ɗauka da kyau. Ni duk nawa dishi-dishi suke fitowa."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Ummu, kowa yana bincike kafin aure. Wasu tsofaffi suke turawa su yi ta tambaya a unguwa, a kawo musu ƙarya. Ni na yi da idona. Kuma kin ci jarrabawa. Ba kya fita sai aiki, kina taya Mama girki, ba kya waya a ɓoye. Ai abin alfahari ne."

"Anti Balkisu ma jarrabawar take rubutawa?"

"Ita ta zauna a inda nake kallo. Ni na ce ta zauna?"

Na karɓe wayata da yatsu biyu.

"Ba zan zaɓa maka ba, ba zan aure ka ba. Ka goge duk abin da ka ɗauka, ka bar benen nan kafin wata ya ƙare. In ba haka ba hoton nan zai isa inda ba ka so."

Ya gyara hularsa a madubin mota, a hankali.

"Ki kai mana. Ki nuna wa Auwal, ki nuna wa mai unguwa. Za su tambaye ki me nake kallo, sai ki faɗa musu. Mu ga wanda zai kasa fita kasuwa, ni ko matan gidanku."

Ya ja motarsa. Ya san inda aka ɗaure ni, ko da bai ji alƙawarin ba.

Baba yana zaure a kan buzunsa, ya ga tafiyar motar. Ya kira ni. Na durƙusa.

"Lafiya yaron nan ya tafi shi kaɗai?"

"Baba, na fasa."

"Zuwa Abujan?"

"Auren."

Ya ajiye carbinsa. Baba ba mai faɗa ba ne. Shi ya tsaya mini na yi jami'a lokacin da 'yan'uwansa suke cewa ya isa haka.

"Ya zage ki? Ya nemi ki da abin da bai dace ba? An gaya miki yana shan wani abu?"

"A'a, Baba."

"To mene ne? Ki ba ni dalili ɗaya, ni da kaina zan mayar musu da kayansu, ba wanda zai ce miki komai."

Wayar tana cikin hijabina, na ji ɗuminta a tafin hannuna. Ta ƙofar zaure ina hango Mama a tsaye, bayanta Anti Balkisu da goyo.

"Ba na sonsa ne kawai."

Ya sake ɗaukar carbinsa.

"Sati huɗu ya rage. Mutane sun ce mini boko zai sa ki raina kowa, na ce ba 'yata ba. Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, ban taɓa yin haka ba. Amma yawon dajin nan ya ƙare. Ki mayar musu da madubinsu. Ki zauna a gida har ki koyi cewa maganar manya ba abin wasa ba ce."

"To, Baba."

Da yamma Yaya Auwal ya zo ya tsaya a ƙofata ya yi ta yi. Wai na kunyata shi a ofis, wai da wace fuska zai shiga motar mutumin ranar Litinin, wai Khamis har kuka ya yi masa a waya. Na zauna ina ninke kaya. Ranar Litinin ɗin kuwa ya shiga motar, gidan gaba, har ya ba shi haƙuri a madadina.

Talata na kai madubin ofis. Na goge gilashinsa da ƙyallensa, na rufe, na sa hannu a takarda. Shugabanmu Malam Irmiya ya ce ƙirgar bana ta bakin dam da sunana aka tsara ta, in sake tunani. Na ce masa ba daga ni ba ne. Alhamis aka fitar da akwatunan lefe, mata suna leƙe ta katanga. Ina tsaye a bakin famfo Anti Balkisu ta zo ɗiban ruwa, ba ta kalle ni ba.

"Wasu dai ba su san arziki ba," ta ce wa bokitinta. "Mutum kamili, mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da mu in ya zo gaisuwa. Sai an tsufa a gida a gane."

Ta ɗauki ruwanta ta nufi igiyar shanya, can inda tamfol ɗin bai kai ba, zaninta a ƙirji.

"Anti, ki sa hijabi mana."

"A cikin gidan mijina? Ke za ki koya mini sutura? Ki fara samun naki gidan tukuna."

A daidai lokacin saƙo ya shigo. Chimdindu ne. "Madam, oga ya zo jiya shi kaɗai. Ya ɗauki miƙaƙƙen mai tamanin da ƙarfen taga da maƙalin waya. Ya ce yadda kika yi bayani ya bi."

Na tsaya riƙe da wayar, ruwa yana zuba a ƙafata.

Ga abin da ƙin zuwa shagon nan ya ci mini, in faɗa muku ba ado. Aurena ya tafi saura sati huɗu, kuma a bakin mutanen Hashimi ni ce mai laifi. Aikin da na yi shekara uku ina ginawa ya tafi. Mama ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Yayana yana shiga motar mutumin da ya kalli matarsa. Matar da na rufa wa asiri tana ganina a matsayin mai girman kai. Baba kuwa, wanda bai taɓa shakkata ba, yanzu in na kawo masa abinci cewa yake in ajiye a nan, ba ya ɗago kai. Hujjar da za ta wanke ni tana cikin wayata, kuma ba zan iya nuna ta ba sai na tona matan gidanmu.